Hudajjen Aljihun Binali

Duk ƙauyenmu babu wanda bai san tafiyar Binali ba. In ka hango mutum yana gangarowa daga makiyaya, kai a sunkuye kamar wanda ya yar da wani abu, wando ya rinjaya gefe guda, hannu ɗaya dafe da ƙugu don kada a ga abin kunya, to ba sai ka tambaya ba. Binali ne, ya cika aljihu da idon raƙumi.

Haka muke kiran baƙin dutsen nan mai sheƙi kamar fasasshiyar kwalba, wanda Allah ya watsa a tuddan Sarikamish. Sauran jama'a takawa suke yi su wuce, sai ranar da ya tsaga wa saniya kofato su tsine masa albarka. Binali kuwa gadonsa ya yi. Ubansa masassaƙin katakon sussuka ne, faffaɗan katakon nan da ake dasa wa haƙoran dutse a cikinsa, shanu su yi ta jansa a kan sha'ir har ƙwaya ta rabu da kara. Da uban da ɗan suke hawa tudu su tsinto dutsen, su fasa, su dasa. Da inji ya shigo, katakan suka koma ƙyauren garke, sana'a ta mutu murus. Sai dai ba wanda ya je ya sanar da hannun Binali. Har ya yi furfura, ba ya iya wuce baƙin dutse bai sunkuya ba, hali kuwa zanen dutse ne.

Makiyayar ta gari ce, ba gonar uban kowa ba, kuma dagaci ya daɗe da yanke magana: abin da ke kwance a sarari, mai so ya tsinta, ba a haƙa, ba a shiga da mota, wanda kuma aka ga alamar hannun mutanen dā a jikinsa a bar shi inda yake, in ba haka ba mutum ya yi wa jandarma, 'yan sandan karkara, bayani. Binali bai taɓa riƙe diga ba. Cewa yake yi ruwa ne leburansa. In dusar ƙanƙara ta narke, ruwan bazara ya biyo baya ya wanke kwazazzabai, sai ya fita da hantsi ya bi gefen da rana ke duka, saboda jiƙaƙƙen dutse shi ke kiran mutum da kansa.

Da rani 'yan birni masu sha'awar tara duwatsu sukan zo da jakunkuna da ƙananan guduma, a shagon shayi a nuna musu shi.

"Baffa Binali, a ina ake samu?"

"A ƙasa, ɗana. Ban taɓa ganin shi a bishiya ba."

Sai ya ja musu rai sun saya masa shayi, ya saƙala ƙwayar sukari a kunci ya tsotse ta tas, sannan ya sauko. "Ku bi hanyar shanu har maɓuɓɓuga. Kwazazzabo na farko ku ƙyale shi, yara sun tsince. Ku shiga na bayansa, ku dubi inda ruwa ya sha kwana ya zubar da kayansa. Mai kaifi yana sheƙi, ko makaho ya gan shi. Mulmulallen kuwa munafuki ne, yana sanye da ɓawo mai ruwan toka kamar dankalin da ya kwana a murhu. Ku tofa masa yawu ku goge, ku ɗaga wa rana. In haske ya ratsa gefensa kamar shayi a kofin gilashi, to shi ne. In bai ratsa ba, kun tofa wa dutsen banza yawu, ku ba shi haƙuri."

Wannan duk a waje ne. A gida akwai Gulizar.

Gulizar ba ta da tsawo, amma muryarta tana kaiwa bayan masallaci. Ita ke kiwon dinyoyin gidan, ita ke cuku, kuma a zamaninta babu amaryar da ta tare a ƙauyen nan ba da bargon da Gulizar ta ɗinka ba. Ɗinkinta in ka duba sai ka rantse tururuwa ce ta jeru. Wannan hannu mai daraja, shi Allah ya haɗa da mijin da ke zuba fasasshiyar kwalba a aljihu. Binali masu kaifi yake so, irin waɗanda ubansa ke dasawa, su kuwa ba su san zumunci da yadi ba. Shekara arba'in da ɗoriya ana abu guda: ya shigo, dutse ya biyo ƙafar wando ya faɗo a tsakar ɗaki, ita kuma ta ɗora hannu a ka.

"Ya sake! Jama'a ku zo ku gani, ya sake! Mazan mutane suna shigowa da nama, nawa yana shigowa da tsakuwa. Kai tsoho, miya zan yi da shi ko kuwa?"

"Uwargida, ki ɗaga wannan wa rana ki gani. Sau ɗaya tak."

"Ni ce marar aikin yi? Tuɓe wandon nan ka ba ni, kafin in ɗinke da kai a ciki."

Sai ya tuɓe ya miƙa, ya zauna da dogon wandon ciki yana hura shayi, ita tana faci tana karanto masa laifuffukansa tun daga ranar ɗaurin aure: guzurin da ya manta a tudu, ɗan maraƙin da ya ɓata yana can yana tofa wa dutse yawu, tagar da ya cika da duwatsu har ba inda za a ajiye tukunyar fure. Shi kuwa yana gyaɗa kai kamar mai sauraron wa'azi. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, amma duk yininsa babu lokacin da yake so kamar wannan. Dutsen kuwa ko sau ɗaya ba ta taɓa ɗagawa ba.

A bazarar da nake ba ku labari, wata rana ya sa wando ya kai hannu aljihu, hannu ya ƙi shiga. Ya duba, sai ya ga an haɗe bakin aljihun da cikinsa an ɗinke, da koren zare a kan baƙin yadi, ɗinkin kuma ya karkace kamar hanyar maye. Dariya ta taso masa, ya ɗauka sabon salon horo ne. Ya nufi ɗaki zai tsokane ta, sai ya tsaya a bakin ƙofa.

Tana zaune a gindin taga, rana tsaka, da allura a hannu. Ta lashi zare ta kai, ya wuce ta gefe. Ta sake lasa, ta matsar da allurar nesa, ta dawo da ita kusa da hanci, ta karkata kai. Zare ya ƙi shiga kafa. Ta daɗe tana yi. Daga baya ta sauke hannu a cinya, ta waiga dama da hagu ko wani ya gani, ta goge ido da bakin ɗankwali.

Binali ya ja da baya a hankali har garke, ya zauna a kan buhun dusa. Sai a lokacin ya tuna ta kwana biyu tana zuba gishiri da lalube, ta kuma gaida sandar lantarki ran nan tana zaton matar liman ce. Ashe yanar ido ce ta rufe mata gani. Ya kuma san matarsa: ta sha rantsuwa cewa wuƙar likita ba za ta kusanci idonta ba, kuma gara ta faɗa rijiya da a ce a ƙauye Gulizar mai bargo ba ta iya zura zare. In ya yi magana, ya kunyata ta. In ya ci gaba da kawo mata huji, kullum sai ta zauna wannan zaman na gindin taga.

Ya yi tunani irin na maza, wato gajere, ya ga mafita. Ya warware koren zaren da kansa a ɓoye. Daga ranar ya daina taɓa masu kaifi. Ko sun yi ta ƙyalla masa ido a kwazazzabo, sai ya kau da kai kamar mai azumi a kasuwa, ya tsinci mulmulallu kawai, masu ɓawo, waɗanda ko a aljihun siliki ka zuba ba za su ja zare ba. Ya dawo gida aljihu lafiya lau, yana jin kansa mutumin kirki.

Ran farko Gulizar ta miƙa hannu tun bai zauna ba. "Kawo."

"Ba abin da ya same shi, uwargida."

Ta lalubi aljihun ta ciki, ta juya shi, ta saki. "To," in ji ta.

Haka gobe, haka jibi. Mako ya bi mako, ba huji, ba faci, ba wa'azi. Gidan ya yi tsit, har maƙwabta suka fara leƙowa ko an yi tafiya. Gulizar ta daina ɗora hannu a ka. Ta ajiye kwandon ɗinkinta a saman kabad. In ya shigo sai ta ce sannu da zuwa, ta ajiye masa miya da burodi, ta koma gindin taga ta naɗe hannu. Sannu da zuwa! Matar da tun suna da baƙin gashi ba ta taɓa ce masa sannu da zuwa ba sai dai "ya sake". Abinci ma ta rage ci. Da 'yarsu Nuriye ta bugo waya daga birnin Bursa, yana ji ta ce, "Lafiya lau muke. Babanki ya shiryu, ba ya bukatar kowa yanzu."

Binali ya rasa gane kan abin. Ya ɗauki damuwarsa ya kai shagon shayi wurin Zeynel, abokinsa tun na ƙuruciya, wanda matarsa ta rasu shekarun baya, yake zaune shi kaɗai da kyanwa.

Zeynel ya dube shi sama da ƙasa. "A'a, yau wandon a daidai yake. Wa ya mutu?"

"Bar wasa, Zeynel. Matar nan ta daina zagina."

"Innalillahi. Tun yaushe?"

"Tun da na daina huda aljihu." Ya sunkuyar da murya ya ba shi labarin taga da allura, bayan ya sa shi ya rantse har da kabarin uwarsa.

Zeynel ya ajiye kofi. "Wato ka ga idonta ya raunana, sai ka ƙwace mata aikin."

"Sauƙi na yi mata."

"Sauƙin gidanku. Kai dai tun muna yara kanka dutse ne, shi ya sa kuke shiri da su. Garin neman gira ka rasa ido. Amare sun koma bargon kanti, 'ya'ya sun watse birni, abu ɗaya ya rage a duniya da ba ya yiwuwa sai da ita, shi ne wannan ruɓaɓɓen aljihun naka. Shi ma ka hana ta. Ka zaci ba ta san dalili ba? Makanta ta fara, ba wauta ba."

"To in kai mata huji ta kasa zura zare fa?"

"Wannan kuma kai da dabararka. Ni dai abin da na sani," Zeynel ya juya cokali a kofin da ba komai, "da za a ce yau in shiga gida in tarar da mai ce min sakarai, ko sau ɗaya, wallahi da na ba da shanuna duka har da kyanwar."

Kunya ta kama Binali, irin wadda ba ta taɓa kama shi ba ko ranar ɗan maraƙi.

Ran kasuwa ya shiga motar gari, ya sayo ƙunshin allurai da baƙin zare, ya kuma ari tabaran Zeynel. Washegari da safe, Gulizar tana wajen cuku, ya shige garke ya zauna inda haske ke shigowa ta tsagar katakon ubansa. Nan fa aka yi ta. Yatsun da suka yi shekara da shekaru suna fasa dutse, duk tabo da kanta, su ne yau za su bi da zare ta kafar allura. Ya lasa, ya kai, ya kuskure. Ya lasa har zaren ya zama kamar taliya. Allura ta faɗi cikin ciyawa, ya durƙusa nema, wani ƙaton namijin dinya ya ga dama ta samu ya kai masa cafka a mazaunai. Ya zagi dinyar, ya zagi mai ƙera allura, ya nemi gafarar Allah, ya koma ya zauna a karkace. Sai a nan ya san abin da matarsa take sha a gindin taga ita kaɗai, ba ta taɓa cewa wayyo ba.

Kafin azahar dai ya zura wa allurai da dama, kowace da zarenta da ƙullinta. Ya lallaɓa ɗaki, ya sauko da kwandon daga saman kabad, ya soke su a jere a ɗan matashin allurarta, ya ajiye kwandon a gindin taga kamar mantuwa aka yi.

Sannan ya hau tudu. An yi yayyafi da safe, kwazazzabon bayan maɓuɓɓuga sai ƙyalli yake. Ya cika aljihu da masu kaifi kamar mai ramuwar azumi, ya ɗora mulmulalle guda a kai, ya kama hanya. Abin haushi, tsohon facin Gulizar ya ƙi ba da kai. Ya yi tsalle, ya yi sassarfa, ya girgiza ƙugu har wani makiyayi ya tsaya yana kallonsa, aljihu ko gezau. Da ya ga gari ya matso, sai ya faki ido, ya zaro tsagin dutse guda, ya ja shi a gindin aljihun, ƙyat.

Ya shiga ɗaki yana tafe duwatsu suna bin ƙafar wando suna zubowa, ƙwal, ƙwal, ƙwal, har mulmulallen ya gangara ya daki ƙafarta.

Gulizar ta ɗago kai. Ta saurara. Sai hannu ya tashi a hankali ya sauka a ka.

"Ya sake! La ilaha illallahu, ya sake! Na ce dama tuban muzuru ne! Tsoho da kai, jikoki a birni, kana yawo kamar buhun da ɓera ya ci. Tuɓe! Tuɓe ka ba ni, sakarai kawai!"

Binali bai taɓa jin waƙa mai daɗin wannan ba. Ya tuɓe da sauri, ya zauna da wandon ciki. Ita kuwa faɗan ya ɗauke ta har ta manta, ta kai hannu gefe inda kwando ya saba zama, ta same shi, ta zaro allura. Yatsunta suka bi ta, suka ci karo da zare, suka bi zaren har ƙulli. Ta mayar da hannu kan matashin, ta shafa sauran, ɗaya bayan ɗaya. Maganar da ke bakinta ta tsaya a tsakiya.

Binali ya ƙura wa kofin shayinsa ido kamar yau ya fara ganin kofi. Ya san yanzu ko dai ta wurga masa kwandon, ko ta tashi ta bar ɗakin, kuma na biyun ya fi tsoro.

Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta juya aljihun, ta lalubi hujin da babban yatsa, ta fara ɗinki, a hankali, da ji ba da gani ba. Sai da ta kai rabi ta yi magana, murya ƙasa-ƙasa, abin da bango bai saba ji ba.

"Wannan hujin a miƙe yake."

"Dutse ne, uwargida."

"Na shekara arba'in ina gyara ɓarnar dutse, na san hannunsa. Dutse ci yake yi, ba ya yanka a layi." Ta ja zare. "Wanda ya yi ƙullin nan kuma, a gaya masa ba igiyar shanu ba ce."

"Za a gaya masa."

"Warin garke ma yake yi, zaren."

Ta ƙarasa, ta ciji zaren, ta wurga masa wandon a fuska kamar yadda aka saba. Ɗinkin ya ɗan karkace, amma baƙi ne a kan baƙi, kuma zai riƙe. Sai ta sunkuya ta lalubo mulmulallen da ya daki ƙafarta, ta juya shi a tafin hannu, ta goge da bakin ɗankwali.

"In an yanka dinyoyi, sanyi bai rufe hanya ba, ka kai ni birni su cire min yanar nan. Kada ka washe baki, ba don kai ba ne." Ta jefa dutsen a aljihun rigarta ta dafe. "Wannan kuma nawa ne. In sun buɗe idon, shi zan fara ɗaga wa rana, in ga ƙaryar da ka shekara arba'in kana yi min."

Binali ya ce bari ya duba shanu, ko da yake shanun suna makiyaya tun safe. Ya fita da sauri yana goge fuska da hannun riga, har ya kai tsakar gida bai lura ba wandon yana kafaɗarsa.

"Kai tsoho!" muryar ta biyo shi, ta tsallake katanga, ta kai bayan masallaci. "Dawo ka sa wando, kada ka kashe min dinyoyi da dariya!"